Ila Mai Fanka da Fiffiken Mujiya

Malam Ila Sabo yana da shekara hamsin da tara, mai gyaran fanka ne a Unguwar Shanu, kuma kunnensa na hagu ba ya ji. Na daman ma sai an ɗan ɗaga murya. Matarsa ɗaya, Mero. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun bar gida. Shagonsa rumfar kwano ce jingine da katangar wani gida, ba ta da allon suna, amma duk wanda fankarsa ta tsaya a layin ya san inda zai kai ta.

Ba da wannan matsalar kunne aka haife shi ba. Ya yi fiye da shekara ashirin yana aikin lantarki a wata ma'aikatar gwamnati, yawancin shekarun a ɗakin janareto. A zamanin bai san ana toshe kunne ba. A 1984 aka rage ma'aikata, abin ya haɗa da shi. Ya fito da akwatin kayan aikinsa da ɗan abin da ya rage masa na ji, ya kafa rumfa.

Tun yana aiki yake cewa in ya samu sarari zai yi karatun addini. Ya sauke Alƙur'ani yana yaro a wajen Katabu, inda aka haife shi, amma bai taɓa zama gaban malami ya ɗauki littafi ba. Da sararin ya samu, sai ya sayi wani littafin fiƙihu, ya tafi zauren Malam Abdurrahim, wani dattijo da ke ba magidanta karatu bayan la'asar a bayan layinsu. A irin wannan zaure kowa da littafinsa yake zuwa. In layi ya zo kanka sai ka matso gaban Malam, ka karanta Larabcin gaɓa-gaɓa, shi kuma yana fassara maka da Hausa. Sauran suna saurare, don rabin karatun mutum daga na wasu yake tsintarsa. Burin Ila bai da yawa. Yana so ya sauke wannan littafi ɗaya a gaban wannan malami, daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Zauren rufin kwano ne, babu silin. In bazara ta shigo, zufa har kan takarda take ɗiga. Ila ne da kansa ya samo wata tsohuwar fankar sama, ya sake naɗa mata waya, ya kawo ya rataya sadaka. Ranar kowa ya sa masa albarka. Da aka kunna ta, aka ji iska, aka yi hamdala, sai Ila ya lura cewa bakin Malam yana motsi amma shi ba ya jin komai sai fuu-fuu a samansa. Malam Abdurrahim mutum ne mai sanyin murya, ga shekaru.

"Allah gafarta Malam, a maimaita."

Malam ya maimaita. Ya sake roƙo, aka sake maimaitawa. A karo na uku wani ya yi gyaran murya daga baya.

Rabe tela, wanda shagonsa ke kusa da na Ila kuma tare suke zuwa zauren, shi ne ya faɗa masa a hanyar komawa.

"Kai ka kawo ta, kai ta hana ji. To zaɓi ɗaya, ko ka gasa mu, ko ka zauna da jahilcinka."

"Ai kai kana ji, Rabe, me ka ƙaru da shi?"

"Na ƙaru da iska."

An gwada kashe fankar in layi ya zo kan Ila. Amma karatunsa yana da jinkiri, mutane suna fifita da hula, shi kuma kunya ta hana shi tsayawa ya tambayi abin da bai gane ba. Da an gama da shi a kunna, sauran karatun ya wuce shi ke nan. Sannu a hankali ya koyi cewa "na'am" a inda bai ji ba. Waɗanda suka fara tare da shi suka sauke, suka ɗauki wani littafin. Shi yana nan cikin babin salla.

Ya sauke fankar sau da yawa. Ya canja mata boris, wato ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, ya zuba mai, ya ɗaure duk wani noti. Ƙarar injin ta tafi. Wadda ta rage ba ta inji ba ce, ta fikafikan ce in suna yanka iska, kuma duk abin da ya koya a ma'aikata babu maganinta a ciki.

A bazarar 1988 wata mujiya ta tare a rufin wani kango da ke bayan rumfarsa. Ta yi kuka a kan gidan da wata mata ke kwance ba lafiya. A unguwar, kamar yadda yake a wurare da yawa, kukan mujiya a kan gida ana ɗaukarsa sanarwar mutuwa. Da hantsi mazan layin suka taru suka yi ta jifan rufin kangon har ta fito. Ila yana tsaye a bakin rumfa, ta wuce dab da kansa, babbar tsuntsuwa, fikafikai a buɗe, har ya ji iskarta a goshi. Amma bai ji ƙara ba. Da farko ya ɗauka kunnensa ne. Sai tantabarun da jifan ya firgita suka tashi daga rufin, ya ji tafin fikafikansu sarai.

Ya leƙa shagon Rabe.

"Ka ji ƙarar tashinta?"

"A'uzu billahi. Ni ina ruwana da tashinta?"

"Tambayarka nake yi."

"Ban ji komai ba. Ai shi ya sa ake tsoronta, malam. Abin kirki yana sallama."

An kashe ta a ƙarshen layi, aka jefar a juji. Da rana ta take, mutane suka shige inuwa, Ila ya je da wuƙa ya yanko fiffike ɗaya. Ya barbaɗa masa gishiri, ya shanya a bayan rumfa, da ya bushe ya naɗe shi a takardar siminti ya tura ƙarƙashin teburin aiki.

Ya ari madubin ido na wani mai gyaran agogo ya yi ta dubawa. Abu uku ya gani. Bakin fiffiken na gaba yana da ƙananan haƙora a jere kamar na matsefi. Bakin baya ba a yanke yake sumul ba, a tsefe yake kamar gezar mayafi. Bayansa kuma in ka shafa, laushi kamar karammiski. Ya karɓi fiffiken kaza a wurin Mero ranar da ta yi yanka, ya ajiye su gefe da gefe. Na kazar bakinsa a miƙe yake, da tauri, kamar na fanka. Ya kaɗa wannan kusa da kunnensa na dama, ya kaɗa wancan. Har yau in aka tambaye shi dalili ba ya cewa ya sani.

"Ni dai na ga iska ba ta kuka a kansa," in ji shi. "Na ce bari in ga ko ƙarfe zai yarda."

Ƙarfe bai yarda da wuri ba. Ya riƙa zuwa Babbar Kasuwa wurin masu sayar da tsofaffin kaya yana ɗebo fikafikan fanka da aka yar. Ya sa magagari ya fitar wa na farko haƙora. Da ya kunna, sai ta kama fito, har Rabe ya leƙo ya tambaya ko Ila ya koma alƙalin wasan ƙwallo ne. Ya rage girman haƙoran. Ya gano in ya goge ɗaya fiye da ɗan'uwansa, fankar rawa take yi kamar za ta tsinko daga sama. Ya yanka robar tayar keke ya yi mata geza, ya manna da gam. Zafi ya narkar da gam ɗin, robar ta fizge ta tafi da hular wani mai wucewa. Ya koma siririyar fata da ya samo a wurin dukawa, yana huda ƙarfen yana ɗaure ta da ƙananan kusoshi.

Saura karammiski. Mero tana da wani tsohon zanen karammiski a ƙasan akwati.

"Malam, zanen lefena za ka yanka wa fanka?"

"Yaushe rabon da ki ɗaura shi, Mero?"

"Ko ban ɗaura ba ina buɗewa in gani."

Ta ba shi gefe ɗaya. Karammiskin ya kwashi datti, ya yi nauyi, injin ya yi zafi ya ƙone. Ila ya bar wannan hanyar. Mero ba ta sake maganar zanen ba, sai dai ta mayar da ragowarsa wani akwatin da ke da kwaɗo.

Ana cikin haka wani ma'aikacin gwamnati, Alhaji Tijjani, ya zo karɓar fankarsa. Yana jira, ya jawo takardar siminti daga ƙarƙashin tebur don ya shimfiɗa a benci kada rigarsa ta ɓaci. Fiffiken ya faɗo a kan takalminsa. Ya ɗauki fankarsa da ba a gama haɗawa ba, notunan a aljihu, ya tafi. Kafin magariba layin duk ya ji.

Labarin bai tsaya yadda ya fara ba. Wasu suka ce Ila yana cusa gashin mujiya a cikin fankokin mutane don su riƙa lalacewa ana dawo masa da su. Wasu suka ce abin ya fi haka. Akwai gidajen da aka kwance fankar da ya taɓa gyarawa aka duba cikinta. Matar da mujiyar ta yi kuka a kan gidanta ta warke tuntuni, amma ba wanda ya kawo wannan a zance. Aiki ya ja baya. Mero ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, maƙwabta kuma suka daina aiko a ara musu turmi.

"Duk tsuntsayen duniya ka rasa wanda za ka ɗauko sai mujiya?" in ji ta. "Ko ungulu ce ai da sauƙi."

"Ungulu tana da ƙara."

"To ga shiru nan ka samu. Ko sallama an daina yi mana."

Rabe ne ya kai maganar zaure, ya ce gara a yi ta a gaban kowa. Malam Abdurrahim ya ce a kawo fiffiken. Da Ila ya warware takardar, waɗanda ke sahun gaba suka ja da baya. Malam ya karɓa, ya kai shi kusa da idonsa, ya bi haƙoran da yatsa, ya daɗe yana shafa bayansa.

"Halittar Allah ce," in ji shi. "Kukanta ba ya kashe kowa, ba ya raya kowa. Mun karanta wannan a nan, wasunku har sun ba wasu."

Sai Malam ya ƙara wata magana a hankali, wadda Ila bai ji ba, sai da Rabe ya sunkuyo ya faɗa masa a kunnen dama da ƙarfi, har na waje suka ji.

"Ya ce amma ka binne shi. Ya ce iyalin gidansa ma ba su karanta wannan wurin ba."

Ila ya binne shi a bayan rumfa. Ya ce lokacin ba ya bukatar ganinsa kuma, yatsunsa sun riga sun san shi.

A 1990 ya samu abin da ya fi duk na baya, ƙananan haƙora a gaba, gezar fata a baya, fikafikai uku masu nauyi ɗaya. Malam ya ba da izini aka ɗaura su a fankar zaure. Ko nawa ƙarar ta ragu, babu wanda ya auna, don babu abin awo. Rabe ya ce kaɗan ne. Na sahun baya suka ce iskar ma ta ragu, ba ta kai musu. Ila ya ce shi dai a karo na farko ya ji ƙarshen maganar Malam, ba farkonta kawai ba. A wannan bazarar ya fita daga babin salla, ya gama na zakka, ya shiga na azumi. Mero ta ce a lokacin yakan dawo gida yana maimaita fassara shi kaɗai a bakin rijiya.

Da ruwan farko ya sauka, Malam Abdurrahim ya kwanta. Tari ne da ciwon ƙirji. Ya haura tamanin, kuma ya saba kishingiɗa a zaure da jiƙaƙƙiyar riga bayan an tashi karatu. A asibiti an faɗi sunan ciwon, an ba da magani. A cikin gida kuwa an riga an san dalili, wai fankar Ila ce. Hamisu, babban ɗan Malam, shi ya hau tsani ya kwance fikafikan, ya kawo su rumfar Ila. Bai miƙa masa a hannu ba, a ƙasa ya ajiye.

"Baba Ila, ba ni na ce ba. Amma ka san gida."

"Na sani. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Muryar ce dai."

Alhaji Tijjani ya sayo sabuwar fanka aka rataya, mai ƙarfi, mai ƙara. Malam ya tashi daga ciwon amma bai koma zaure ba. Hamisu ne ke ba da karatu a can yanzu, kuma muryarsa har bakin titi ake jinta. Ila yana jinsa sarai ko fanka na gudu. Rabe ya sha gaya masa ya je ya ƙarasa littafin a wurin Hamisu a huta.

"Da Malam na fara," shi ne amsar Ila kullum. Ɗalibai da yawa suna ganin albarkar littafi tana ga wanda ya buɗe maka shi, kuma Ila yana cikinsu.

Malam yana wani ɗan ɗaki a bayan zaure. In ya ji ƙarfi da hantsi yakan karɓi tsofaffin ɗalibansa, mutum biyu ko uku. Ɗakin ƙarami ne, tagarsa ɗaya. In babu fanka numfashinsa ba ya daidaita, in an kunna wadda ke ɗakin, wata ta tebur mai karkarwa, masu lafiyar kunne ma sai sun sunkuya. Ila ya je sau da dama, ya zauna, ya kalli leɓen Malam, ya ce "na'am", ya tashi. Daga baya ya daina kai littafin. Gaisuwa kawai yake zuwa.

Shekara uku ke nan yana aikin wata fankar tebur. Fikafikanta ƙanana ne, haƙoran sai sun fi na da ƙanƙanta, idonsa kuma ya fara gajiya, hannunsa yana ɗan rawa in ya daɗe riƙe da magagari. Ya lalata fikafikai da yawa, suna nan jibge a kusurwar rumfa. Masu kawo gyara sun dawo, amma ba duka ba. Akwai waɗanda har yau suke wuce shi su kai fankarsu har unguwar Kawo. In ya ga baƙo yana kallon jibgin fikafikan masu haƙora, ba ya jira a tambaye shi, sai ya ce gwaji ne, ya ja buhu ya rufe.

"Na gaji," in ji shi. "Ƙarfen bai gajiyar da ni kamar bayani ba."

Ko da fankar ta kusa yi, bai san yadda za ta shiga gidan ba. Bai roƙa ba. A makon jiya Hamisu ya zo rumfar, ya tsaya daga waje.

"Baba Ila, Malam ya ce ka kawo fankarka, ka zo da littafinka."

"Mutanen gida fa?"

"Sun yi magana. Ya ce musu in mutuwa ce, ba fanka take jira ba."

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, Ila ya naɗe fankar a buhu, ya saƙala littafin a hammata, ya bi ta zaure ya shiga. Rabe ya raka shi, ya ce yana so ya ga ƙarshen wannan wahala. An yi sa'a akwai wuta. Ila ya kashe tsohuwar, ya ajiye tasa a kan kujera nesa da kan Malam, ya kunna. Labulen taga ya motsa. Malam yana jingine da matashi, ya lumshe ido, ya ja numfashi, sannan ya fara magana.

Ya yi ɗan lokaci yana yi. Rabe yana gyaɗa kai. Ila kuwa ya karkata, kunnensa na dama yana wajen fankar, idonsa a kan ragarta.

"Ila," in ji Malam. "Me na ce?"

Ila ya juyo. Wannan ya ji shi, har ƙarshensa. Amma abin da aka faɗa kafin nan bai san shi ba.

"Allah gafarta Malam, fankar nake saurare."

"Tana ƙara?"

"Kaɗan. Akwai fiffike ɗaya da nake jin bai zauna ba. In na koma da ita na ɗan goge..."

"Shekara biyar yana sauraren fanka," in ji Rabe. "Ita ya kamata ta ba shi karatun."

Malam ya yi dariya, dariyar ta zama tari, aka jira ya lafa.

"Ba ni da numfashin da zan jira ka gama da ita," in ji shi. "Juyo min da kunnen nan mai kyau. A ina muka tsaya?"

Ila ya ja buzunsa ya matso har gwiwarsa ta taɓa gadon, ya ba fankar baya. Ya buɗe littafin a babin azumi, inda wani tsinken tsintsiya ke ciki tun 1990. Ya karanta gaɓar farko, Malam ya fassara, ya karanta ta biyu. Sau ɗaya ya ce a maimaita. Sun yi kusan rabin shafi, Malam ya ɗaga hannu, alamar ya isa haka. Babin azumi bai ƙare ba, kuma akwai wasu babuka a bayansa.

"Gobe in Allah ya kai mu," in ji Malam. "Kar ka zo da magagari."

Ila ya mayar da tsinken wurin da suka tsaya. Ya bar fankar tana juyawa, ya sa takalminsa a bakin ƙofa, ya koma rumfa. Akwai wata fankar sama da aka kawo tun jiya, ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Ya ajiye littafin a inda mai ba zai taɓa shi ba, ya jawo ta ya fara kwancewa.